Daidai Kafa

Daga gona

Zuwa ga taubashina, Injiniya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka. Mu nan lafiya lau, sai gwiwata ta hagu da take min tsiya duk lokacin da hadari ya haɗu. Goggo ma, mahaifiyarka, an ce tana nan garau. Na ce "an ce" don ka san ba zuwa gidanta nake yi ba, ita ma ba ta zuwa nan. Wata ɗalibata da ke maƙwabtaka da ita ce take ba ni labari. Ta ce har yanzu da ƙafa take zuwa kasuwa, kuma ba ta yarda kowa ya riƙe mata kaya.

Wasiƙarka ta iso. Ka rubuta min cewa kun yi "baki" a wurin aiki. Na daɗe ina tunanin bakin wa kuka yi kafin na gane baƙi kake nufi. Na tsufa ina koyar da Hausa, amma ɗan goggona ya kasa lanƙwasa kan harafi. Yanzu da jan biro nake karanta wasiƙunka, ina bi ina sa maka duk lanƙwasar da ka manta.

To, ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ka san mangwaron Kaka ya faɗi bara. Abin da ban gaya maka ba shi ne, tun ganyensa bai yi yaushi ba na yanko rassa masu ido daga jikinsa, na yi musu aure da 'yan mangwaron da nake raino a baƙar leda ƙarƙashin rumfa. Da yawa ba su kama ba. Waɗanda suka kama ba su kai ashirin ba, kuma su kaɗai suka rage daga wannan bishiyar. Kada ka ce min a shuka ƙwallo. An sha gwadawa, wani abu mai zare-zare ne yake fitowa, ba na Kaka ba. Jira nake su ƙara ƙwari in dasa su kafin ruwa ya ɗauke.

Sai ga shi wani yana ɗauke min su. Yau ɗaya, bayan kwana biyu biyu. Ba akuya ba ce, akuya ganye take ci ta bar maka leda. Wannan da ledar yake tafiya, kuma bai taɓa injin ban ruwa ba, bai taɓa kaji ba. Ban san lokacin da yake zuwa ba, ina dai zaton da dare ne. Ƙofa kuwa a kulle take. Kwaɗon da Baba ya sa yana nan, wanda Goggo ta tarar ranar da ta zo da kwandonta ɗibar mangwaro bayan rasuwar Kaka, ta tsaya ta rantse ƙafarta ba za ta ƙara ƙetare ƙofar nan ba. Baba ya rasu, kwaɗon bai ko yi tsatsa ba.

Wani malami a makarantarmu ya ce akwai kyamarar da ake ɗaure wa a jikin bishiya, ta ɗauki duk abin da ya gifta. Na je shago, mai shagon ya jera min kusan kala biyar, ya yi ta zuba har kaina ya ɗau zafi. Kai ne kake cika baki ka san wayar lantarki da na'ura. Ga ranarka ta zo. Wacce zan saya? Ka rubuto da wuri, ka san waya ba ta kamawa a nan, in na shiga gari kuma kana can cikin aiki.

Raina ya ɓaci ƙwarai, amma ban karaya ba. Sai na ga mutumin nan da idona.

Taubashiyarka,
Malama

*

Daga sansanin aiki

Zuwa ga 'yar kawuna, Malama mai jan biro,

Bayan gaisuwa, ina lafiya, alhamdu lillahi. Ki riƙa ɗaure gwiwar nan da kyalle mai ɗumi, kuma ki daina ɗaukar bokiti biyu a lokaci guda, na san halinki. Ni matsalata takalmin aiki ce. Sun ba mu sabo mai ƙarfe a baki, yana cin ɗan yatsan nan nawa da ya hau kan ɗan'uwansa. Gadon Kaka ke nan. Wasu sun gaji gona, ni da Inna mun gaji yatsa.

Da na karanta "na yi musu aure" sai da gabana ya faɗi. Na ce yaushe Malama ta haifi 'ya'ya ashirin, har ta aurar ba a gayyace ni ba? Sai da na koma layin sama. Amma wasa a gefe, labarin nan ya taɓa ni. A kan bishiyar nan na karya hannu, kuma ban taɓa shan mangwaro irinsa ba a duk inda na je.

Kin kawo magana inda ta dace. A nan sansanin irin waɗannan kyamarori ne a zagaye da ma'ajiyar kebul, kuma ni nake sa musu batir. Kada ki koma shagon nan. Zai tura miki mai layin waya, wadda take aiko hoto nan take, don ita ce take burge mutane. A gonar da sai an hau tudu ake samun sabis, wa za ta aika wa? Mai walƙiya da farin haske ma ki manta da ita, sallama take yi wa ɓarawo, ya ɗauki dashe ya haɗa da ita. Akwai mai ɗan jan ido da dare, kamar garwashi. Ita ma mai lura zai gani.

Wadda na zaɓa miki ba ta nuna haske ko kaɗan. Launinta na ɓawon itace ne, ruwan sama ba ya shiga cikinta, kuma tana da saurin farkawa. Wannan shi ne babban abu. Mai nauyin barci kafin ta ɗauka mutum ya wuce, sai dai ki samu gefen riga. Batir irin na ƙaramin rediyo take ci, hotunan kuma a memori take ajiyewa. In kin buɗe murfin akwai ɗan gilashi a ciki, a nan za ki duba su. Na saita ta ta ɗauki hoto uku a jere, kada ki mayar da ita bidiyo, yana shanye batir. Na ba direban motar kaya, zai ajiye miki a makaranta. Kada ki yi min maganar kuɗi.

Saura wurin ɗaurewa, kuma nan ne mutane suke ɓata aiki. Kada ta fuskanci gabas ko yamma, rana za ta wanke hoton. Ki nome ciyawar da ke gabanta, in ba haka ba duk kaɗawar iska hoto ne. Kuma kada ki rataye ta can sama kamar fitilar titi, tsakiyar kai kawai za ki samu. Ki ɗaure ta daidai kafa. Na san abin da nake faɗa.

In ta kama shi, ba ruwanki da ban haƙuri. Ko wane ne, hoton ya tafi wurin 'yan sanda. Mutumin da zai iya ɗauke abin da ya rage na Kaka bai cancanci a ji tausayinsa ba.

Na gode da labarin Inna. Ita ba ta rubutu, in an kira ta a waya kuma "lafiya lau" ce kawai har a gama. Kin san duk shekarun nan da na yi a nan ko hotonta ba ni da shi? In aka ɗaga waya sai ta ja mayafi ta juya baya. Wani lokaci sai na rufe ido ina ƙoƙarin tuno fuskarta. Ina kewarta, ba na ɓoye miki.

Naki,
Injiniya na gaske

*

Daga gona

Injiniya,

Ina gaisuwa. Gwiwa da sauƙi. Ka nemi takalmi mai faɗi kafin yatsan gado ya guntule, don ba mu da wani a ajiye.

Kaya sun iso, na gode, Allah ya saka da alheri. Zan faɗi gaskiya ko da za ta ƙara maka girman kai: ka iya zaɓe. Na ɗaure ta na juya na ɗauko lauje, da na waiwayo sai da na neme ta. An yi ruwa mai ƙarfi har sau biyu, na buɗe ta na tarar da cikinta a bushe ƙamas.

Na bi maganarka ɗaya bayan ɗaya. Ta kalli arewa, na nome ciyawa. Sai wurin tsayi, inda ka sake mantawa da lanƙwasa kamar yadda ka saba, na sa maka da jan biro. Na ɗaure ta a gindin turken rumfa, daidai ƙafa, kamar yadda ka ce. Da farko abin ya ba ni mamaki, amma da na yi tunani sai na ga hikimar. Wa zai duba ƙasa neman kyamara?

Yanzu na san duk wanda yake zama a gonar nan ba da izinina ba. Akwai bushiya da take zuwa da 'ya'yanta. Akwai wani ƙadangare da ya mayar da ita madubi, hotonsa ya fi na kowa yawa, kuma a kowanne kamar yana jiran a biya shi. Zakarana kuwa ashe ba nan yake wuni ba. Na ga ƙafafuna ma, na ji kunyar silifas ɗina, na sayi sabo.

Ɓarawo dai bai zo ba tun da na ɗaure ta. Amma kafin ta iso ya ɗauke uku, har da wanda ya fi kowanne kyau, mai jan toho. Na zauna a bakin rijiya na yi ta kallon gurbin ledar, raina kamar ya fita. Abin da ya rage yanzu da yatsun hannu za ka ƙirga. Na yi tunanin in kwashe su in shigar ɗaki, amma ba rana a ɗaki, kuma in na ɓoye su ba zan taɓa sanin ko wane ne ba. Zai dawo, wanda ya saba ba ya dainawa haka kawai. Ina nan ina jiransa.

Malama

*

Daga sansanin aiki

Malama,

Lafiya lau nake, ko in ce lafiya lau nake kafin in buɗe wasiƙarki. Na karanta ta a ɗakin cin abinci, na dafe kai, har mai dafa mana abinci ya tambaye ni ko rasuwa aka yi.

Kafa na rubuta, kuma kafa nake nufi. Babu wata lanƙwasa da na manta. Sau ɗaya a rayuwata na rubuta abu daidai, kika bi shi da jan biro kika ɓata. Kafar da ke bayan shinge nake nufi, can bayan rijiya, inda ƙaya ta yi sako-sako kusa da tsohon kututture. Ta nan muke sulalewa muna yara in Kaka ya hana mu fita. Inna ce ma ta nuna min ita, ta ce tun suna ƙanana ita da Kawu suke bi. Kin manta ne, ko don ke 'yar masu gona ce, ta ƙofa kike shiga? Tunda kwaɗo yana nan, ta ina kike zaton mutumin yake shigowa?

Me za mu yi da hoton ƙafa? Ɗan sanda zai zagaya gari yana cewa kowa ya cire takalmi ne? Ki kwance ta yau ɗin nan. Ki kai ta jikin kututturen, ki ɗaure daidai ƙirjinki, ta ɗan karkata ta kalli kafar daga gefe. Duk wanda zai shigo dole ya sunkuya ya ɗago, a nan za ta samu fuskarsa sosai. Na ja layi biyu a ƙarƙashin kalmar, kuma ga zane na yi miki a bayan takarda.

Kada ki damu, ba a makara ba. Na riga na rubuta wa abokina Dogo, wanda muka yi makaranta tare, yanzu ɗan sanda ne a garinku. Na ce ya leƙo gona ya karɓi memorin da zarar an samu wani abu. Mutum ne mai zafin nama, ba ya wasa da irin wannan.

Ki ajiye jan biron nan, don Allah.

Injiniya

*

Daga sansanin aiki

Malama,

Ina fatan lafiya. Motar kaya ta zo ta koma, ta sake zuwa, babu takardarki. Na tambayi direba ko ya jefar a hanya, har muka yi 'yar sa-in-sa.

In maganar biro ce ta ɓata miki rai, ki yi haƙuri, wasa ne irin namu. In kuma gwiwar ce, ki faɗa min. Abin da nake tsoro shi ne a ce kin yi arba da mutumin nan ke kaɗai. Kada ki tare shi, aikin kyamara ke nan.

Dogo ya aiko min cewa zai shigo gonar cikin makon nan. Ki ba shi duk abin da kika samu, kada ki rage komai. Dashe nawa suka rage? Ruwa ya kusa ɗaukewa, hankalina yana can.

Injiniya

*

Daga gona

Ɗan Goggo,

Lafiyata ƙalau, kuma ba fushi nake ba. Ka samu wuri ka zauna kafin ka ci gaba, kuma kada ka karanta wannan a ɗakin cin abinci.

Wasiƙarka mai zane ta zo ta tarar da aiki ya riga ya gama. Kwana biyu kafin nan na dawo daga makaranta na ga leda ɗaya ta ɓace. Na durƙusa na buɗe kyamara. Ƙadangare, ƙadangare, kaza, sai ƙafa. Ba da dare ba, da rana tsaka, ranar da nake koyarwa a gari. Ƙafar mace ce, cikin silifas shuɗi da ya sha ɗinki, da gefen zane, da sabon karce na ƙaya a ƙauri yana jini. Hoto uku ta ɗauka kamar yadda ka saita. A na ukun ƙafar ta matso dab da gilashi, sai ga ɗan yatsa ya hau kan ɗan'uwansa.

Mutum biyu suka rage da wannan yatsan. Ɗaya yana can yana kuka da takalmi mai ƙarfe.

Na zauna a ƙasa har aka yi la'asar ban motsa ba. Na ɗauki biro ya fi sau nawa in rubuta maka, in na tuna "ko wane ne" sai in ajiye. Abokinka ya zo kamar yadda ka ce, dogo ne kuwa, sai da ya sunkuya a rumfa. Na ba shi ruwa, na nuna masa bushiya da 'ya'yanta, na ce masa maganar ta zama ta cikin gida. Ya dube ni, ya dubi yadda na riƙe kyamarar a ƙirji, ya ce Allah ya daidaita. Mutumin kirki ne.

Na kai memorin wurin mai hoto ya wanke min, na sa a jaka, na tafi gidan Goggo. Rabona da gidan tun kafin rasuwar Baba. Na yi sallama, na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa kamar jiya muka rabu, ta ce, "'Yar ɗan'uwana, an tuna da mu?" Na miƙa mata hoton. Ta kai shi nesa da ido, ta kawo kusa, ta ce, "Wannan ƙafar wa ce haka ba kyan gani?" Sai ta dubi tata, ta ja zane ta rufe.

Na ce, "Goggo, ke da kika rantse."

Ta ce, "Me na ce a rantsuwar? Ke malama ce, faɗa min daidai."

Na ce, "Kin ce ƙafarki ba za ta ƙara ƙetare ƙofar ba."

Ta ce, "To, kin gan ni a ƙofa?"

Ban san lokacin da dariya ta ƙwace min ba. Ita ko murmushi ba ta yi ba. Ta ce ba sata ta yi ba, mangwaron ubanta ne. Ta ce labari ya zo mata cewa bishiyar ta faɗi, ta kwana uku ba ta iya cin abinci ba. Da ta ji na tayar da 'ya'yan bishiyar sai ta ce bari ta je ta gani kawai. Da ta gan su a leda a ƙasa, ta ce zuciyarta ba ta ba ta ta bar su ba, don yaran yanzu ba su da riƙo, gobe sai in sayar da gonar in koma gari. Ni ce yarinyar yanzu, da furfurata.

Ta kai ni bayan ɗakinta. Ka san gidan duk siminti ne. Ta jera su a tsofaffin bokitan fenti, ba ta huda gindin ko ɗaya ba, kuma ta tara ƙasa har ta binne wurin auren, wai kada iska ta karya su. Kullum tana ba su ruwa safe da yamma. Na sa yatsa na tona. Fiye da rabi sun ruɓe daga mahaɗin. Mai jan tohon nan ma ya tafi.

Ta ga fuskata, ta ce, "Barci suke yi, za su farfaɗo."

Na ce, "Ba za su farfaɗo ba, Goggo. Ba a binne aure, kuma ruwa ya yi musu yawa."

Ta ce, "Ni na kashe su ke nan?"

Da na so in ce a'a. Amma Goggo ba ta son a lallaɓa ta, kuma akwai huɗu da ke da sauran rai da sai ta ji gaskiya za su tsira. Na ce, "Eh, ke ce." Ta zauna a kan bokitin da babu komai, ta rufe fuska da mayafi. Ban taɓa ganin kukanta ba, ko a rasuwar Baba. Na ji tausayinta har cikin raina, na yi nawa kukan ni ma.

Da ta share ido ta ce in kwashe sauran in tafi da su. Na ciro mukullin kwaɗo na ajiye a gabanta, ta ture shi da yatsa ta ce rantsuwa rantsuwa ce. Na ce to, ni ma ba zan ɗauka ba, gwiwata ba ta ɗaukar kaya, wanda ya fitar da su shi ya san hanya. Na huda bokitan, na rage ƙasar, na yi mata sallama. A mota ina ta tunanin in ta yi zuciya ta ƙi, shi ke nan mun rasa su.

Da na koma na bi zanenka. Na sami kafar, na sare ƙayar da ta karce ta, na faɗaɗa wurin yadda mai bokiti a ka zai wuce. Na ɗaure kyamara a kututture daidai ƙirji. Ranar koyarwa ta zagayo, na tafi makaranta, ban san me na koyar ba.

Da na dawo, huɗun nan suna ƙarƙashin rumfa a jere da 'yan'uwansu. Kuma an haƙa rami a daidai inda bishiyar Kaka take, an zagaye shi da duwatsu. Washegari Goggo ba ta jira na tafi ba, da hantsi ta shigo, ta ce in nuna mata iya inda ƙasa take tsayawa. Ita ta dasa na farkon da hannunta, auren yana sama da ƙasa da tsawon yatsa. Sauran mun dasa su tare a kwana biyu, kuma an yi ruwa a kansu. Tara ne. Duka sun tsaya, biyu har sun fara toho.

Hotuna biyu ne a cikin ambulan ɗin nan. Ka ce ba ka da nata. Kyamararka mai saurin farkawa ce, ba ta ba ta lokacin jan mayafi ba.

Ka rubuta wa Dogo ka gode masa. Jan biro kuma yana nan, ban ajiye ba.

Taubashiyarka,
Malama

*

Daga sansanin aiki

'Yar Kawu,

Lafiya lau. Na bi shawararki, a ɗaki na karanta, kuma gara da na yi hakan.

Na ce ko wane ne. Na faɗa da bakina, na rubuta da hannuna, har na tura ɗan sanda gidanmu. Da kin ji maganata tun farko kin ɗaure ta inda na ce, ranar da Dogo ya zo fuskar Inna zai gani, kuma ban san ko zai iya mayar da ita maganar cikin gida ba. Ƙafa kuwa sai mu. Ki ci gaba da gyara min rubutu, na sallama.

Na manna hoton fuskar a jikin kabad ɗina. Ta tsufa, Malama. Ba wanda ya gaya min ta tsufa haka. Ga bokiti a ka, ga hararar nan da take min in na dawo gida da yagaggen wando. Abokan ɗakina sun ce kamar za ta fito ta mare su. Amma ɗayan hoton na fi dubawa. Jiya na cire takalmi na ajiye ƙafata kusa da shi, na daɗe a zaune. Ki saya mata silifas, kada ki ce daga wurina ne, ba za ta sa ba. Ki duba min karcen nan kuma ko ya warke.

Ki bar kyamarar inda take, ki riƙa canja batir in alamar ta sauko rabi. Awaki ma ɓarayi ne, kuma yanzu kin faɗaɗa musu hanya. Ki sa wani abu a wurin da za a iya ɗagawa da hannu ɗaya, amma kada ki yi masa ƙyaure, kada ki sa masa kwaɗo, kada ma ki bari wani ya kira shi ƙofa a gabanta.

Na nemi hutu, sun ce bayan an gama layin da muke ja. Kada ki zo tarya ta, kuma ki riƙe mukullinki. Na san hanya. Ki duba memori kawai, za ki ga wani mai tumbi ya maƙale a ƙaya.

Ki gaishe min da Inna. Ki ce mata na ga ƙafarta.

Naki,
Ɗan Goggo